Damin Iri: Tanadi Ne Ko Taurin Zuciya?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rayuwa da mutuwa suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, a cikin kakar shekarar 2024, bayan an gama ɗaurin hatsi an kai rumbu, Allah ya karɓi ran mahaifina a ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Ba zan kama sunansa ba, domin a gidan da na tashi ɗa ba ya kama sunan uba, kuma ko na faɗa ba wanda zai san shi sai mutanen karkararmu. Bai yi sarauta ba, bai yi fatauci ba, bai taɓa zama kan bencin lakwal ba. Karatunsa na allo ya tsaya daidai inda ya ishe shi salla da azumi da fidda zakka. Manomi ne, ɗan manomi, kuma a gona ƙarfinsa ya ƙare.

Rana ta biyu da rasuwarsa, muna zaune muna karɓar gaisuwa, sai ga wani dattijo daga wani ƙauye na gabas da mu, an kawo shi a amalanken jaki. Da ya gama addu'a, sai ya zaro zangarniyar hatsi guda daga cikin rigarsa ya ajiye bisa tabarma, ya ce: "Ƴaƴana, wannan jikan hatsin mahaifinku ne. A 1985 ya ba ni tiya biyu na shuka, lokacin da ba ni da ko ƙwaya. Daga ran nan har yau ban sayi iri a kasuwa ba." Jama'a suka yi kabbara, aka yi ta sa wa mamaci albarka. Amma daga bayan zana na ji motsin yayata ta tashi ta shige ɗaki. Na san abin da ya tashe ta, domin ni da ita mun san abin da aka biya kafin tiya biyun nan su kai hannun dattijon. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, in sa tambayar da ta daɗe tana cina a gaban ƴan'uwa: shin ya halatta mutum ya hana na gabansa, wanda yake gani da ido yana jin kukansa, saboda waɗanda ke tafe, waɗanda bai gani ba?

Bari in fara da mutumin kansa. A lissafinsa, yana yaro mai kiwon awaki aka soke aikin tilas na zamanin Turawa, watau 1946. Ya yi aure dab da samun mulkin kai a 1960. Ya ga zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA ke awonta a kasuwanni, kowa ya bazama nomanta don kuɗin haraji da na tufafi, ya kuma ga yadda farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa bayansa suka karya wannan ciniki. Darasin da ya ɗauka a nan shi ne wanda yakan maimaita mana: gyaɗa baƙuwa ce, hatsi shi ne ɗan gida.

Yana da wata al'ada da ban taɓa ganin ya saɓa ba. Kowace kaka, kafin a fara yanka, yakan bi gandu shi kaɗai, kunya kunya, yana zaɓen zangarnun zongo mafi tsawo da cikar ido, waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba. Ya ɗaure su dabam, dami huɗu, ya sa a wani ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakinsa. Babban rumbu na kowa ne, Inna ce ke ɗibar na daka kowace safiya. Ƙaramin kuwa ba mai kusantarsa sai shi, shi ma sai ranar da ruwan shuka ya sauka.

Sai ga 1984. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su bukatar a tuna musu. Ruwa ya ɗauke hatsi na shirin fidda kai, gonaki suka ƙone a tsaye. Gandunmu da ya saba ba da dami fiye da 200 bai cika 30 ba. Daɗin daɗawa, tun watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a sake buɗe su ba sai 1986, hatsi da garin rogo da aka saba samowa daga kudu suka yi wuyar shigowa. Shi ya sa mutanen karkara suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Taimakon abinci na gwamnati da na ƙasashen waje ya zo, ya kuma ceci rayuka masu yawa, amma bai kai kowane ƙauye a kan kari ba. A cikin ɗan abin da muka samu ɗin nan, Baba ya ware dami huɗunsa kamar kullum.

Mu 17 ne a gidan. Kafin ɗari ya wuce babban rumbu ya zama fayau. Yayyena maza suka tafi cin rani. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacinta ya fita, a dafa ganyen jiga, a dama dusa. Har gidan tururuwa mun tona muna neman ƙwayar da ta tara. Baba ya sayar da sansa na noma a kuɗin da bai kai na rago ba, ya sayar da tumaki, ya sayar da babbar rigarsa ta Salla. In an raba ɗan abin da aka samu, yakan ce shi ya ci a waje, alhali mun san ba inda ya je sai masallaci.

Da bazarar 1985 ƙyanda ta shigo gari ta tarar da yara ba ƙarfi. Ta kama autarmu, yarinya ƴar shekara uku. Wani dare, ina kwance a zaure ban yi barci ba, na ji Inna ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce: "Malam, a buɗe ƙaramin rumbu." Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce: "In an buɗe, kwana nawa zai kai mu?" Ta ce: "Ko kwana ɗaya ne, Malam. Kunu kawai zan dama mata." Ya ce: "Ki yi haƙuri zuwa jibi. Jakin nan ya rage, zan kai shi kasuwa." Da asuba ya kama hanya a ƙasa, yana jan jakin. Ya dawo rana ta biyu da la'asar, ɗauke da tiya biyar a ka, ya tarar an rufe ta tun da hantsi.

Bayan kamar wata guda ruwan shuka ya sauka. Ya buɗe ƙaramin rumbu, aka sussuke, aka sami tiya 20. A lokacin mafi yawan maƙwabta sun cinye irinsu, abin da ke hannun mutane sai jar dawar taimako, wadda ƙasarmu ba ta san ta ba. Ya riƙe tiya 12, ya raba takwas ga gidaje huɗu, kyauta, ba bashi ba. Damana ta yi kyau, aka cika rumbuna. Amma a shekarar nan Inna ba ta sha furar sabon hatsi ba, kuma har ta koma ga Allah a 2011 ban taɓa jin ta ta da maganar ba, ban kuma taɓa ganin ta bi ta bayan ɗakin nan ba.

To, ya ɗan'uwa, ga shari'ar a gabanmu. Bari mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Hujjar Inna mai ƙarfi ce, kuma addini yana bayanta. Malaman usulu sun jera abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta tsare: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Sun kuma sa rai gaba da dukiya. Don tsaron rai ne aka halatta wa wanda ya matsu ya ci mushe, don shi ne kuma Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwar da ta auku zamanin halifancinsa. In har haram yana sassautawa saboda rai, ina ga hatsin halal da ke rumbun uba, ƴarsa tana kwance? Bugu da ƙari, yarinyar tabbas ce, ga ta ana gani. Damana kuwa gaibu ce. Da ruwa ya sake ƙin zuwa a 1985, da irin ya ƙone a ƙasa, an yi biyu babu.

Hujjar Baba ita ma ba ta wasa ba ce. Gida mai mutum 17 yakan ci tiya huɗu a yini in ana ƙoshi. Ke nan dami huɗun nan abincin kwana biyar ne, in an tsuke ƙwarai a kai kwana goma. Amma tiya uku ko huɗu sun isa a shuka hekta guda. Abin da ciki zai share a mako ɗaya, shi ne ƙasa za ta mayar abincin shekara. Saboda haka kuskure ne a ce an auna rai da dukiya a daren nan. Rai aka auna da rai: ran da ke kwance a ɗaki, da rayukan mutum 16 da za su wayi gari cikin damana ba abin shukawa, har da na gidaje huɗun da shi kansa bai san za su zo roƙo ba. Wanda ya cinye irinsa bai kori yunwa ba, ya ɗaga mata rana ne kawai, ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Akwai masu cewa a lokacin, kuma har yau ana faɗa: a ci na yau, gobe ta Allah ce. Maganar tana da kamar tawakkali, amma in an duba ta da kyau ba shi ba ne. Yau ɗin ma ai ta Allah ce, duk da haka ba wanda ke zaune ya jira tuwo ya tuƙa kansa. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. A cikin Suratu Yusuf kuma mun karanta yadda Annabin Allah ya tsirar da Masar da maƙwabtanta ta hanyar adana hatsin shekarun wadata a cikin zangarnunsa, yadda manomanmu ke yi har gobe. Ashe tanadi ba kishiyar dogaro ga Allah ba ne.

Sai dai a nan akwai rami, wajibi ne mu yi hattara. Duk marowaci da tanadi yake fakewa. Wanda ya cika mangaza da buhuna yana jiran tsada ta kai inda yake so, kamar yadda muka gani a yunwar 2005, shi ma cewa yake yana duban gaba, alhali hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya bayyana mai ɓoye abinci don ya yi tsada a matsayin mai saɓo. To, me ya raba rumbun Baba da mangazar wancan? Na daɗe ina juya wannan, abin da na samu alamu uku ne.

Ta farko, mai riƙon amana shi ke fara shan wuyar abin da ya hana. Kafin Baba ya ce wa Inna ta yi haƙuri, sansa ya tafi, rigarsa ta tafi, cikinsa ya fi na kowa zama wofi. Marowaci kuwa wani yake sa wa yunwa, shi yana ƙoshe. Ta biyu, ajiyar amana tana da ranar buɗewa, kuma in ranar ta zo ba ta tsaya kan mai ita kaɗai ba. A ranar shuka ta 1985 tiyar iri ta fi kowace kadara daraja, da ya so da ya karɓi gonakin mutane jingina a kanta. Bai yi ba. Alama ta uku kuwa ban gane ta ba sai daga bakinsa.

Bayan rasuwar Inna, wata rana muna zaune gindin gawo a gona, na yi ƙarfin hali na ce: "Baba, in da za a maido daren nan, za ka buɗe?" Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce: "Na yi lissafi a daren nan, kuma lissafin daidai ne. Tsorona shi ne rumbun iri ba a buɗe shi sau ɗaya, in aka ɗibi na yau za a ɗibi na gobe. Amma tiya ɗaya ba ta karya lissafin. Da na ɗiba da hannuna na rufe, da uwarku ta dama kunun nan. Ko ta sha ko ba ta sha ba, kwananta ya ƙare, wannan na sani. Amma ni ba a tambayata kwananta, abin da ke hannuna za a tambaye ni. Tiyar nan ɗaya ita nake roƙon Allah gafara a kanta, shekara 26 ke nan."

Wannan ita ce alama ta uku: mai amana ba ya wanke kansa. Gari duka na yabonsa, sakamako ya gaskata shi, ga ƙaddara da zai iya fakewa da ita, amma bai ɗauki ko ɗaya ya rufe bakin zuciyarsa ba. A nan na sami amsar tambayata, gwargwadon fahimtata. I, waɗanda ke tafe suna da haƙƙi a kan abin da ke hannunmu, kuma wanda ya tsare musu shi ya yi aikin ƙwarai ko da na kusa sun ji zafi. Amma haƙƙin na gobe ba ya shafe haƙƙin na yau. Ƙa'ida mai kyau, in aka riƙe ta har ta hana tiya ɗaya ta jinƙai, ta wuce inda aka aike ta. Baba ya yi daidai a kan tiya 19, shi da kansa kuma ya yi wa kansa hukunci a kan ta ashirin.

Wannan hali na duban waɗanda ba su zo ba tukuna bai tsaya ga hatsi ba. Bayan yunwar, yana cikin manoman yankin Maraɗi da suka daina sassabe gona ƙarƙaf, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara suna yi musu aski har su zama itatuwa. Da farko dariya aka yi musu, ana cewa sun gina wa tsuntsaye gida a tsakiyar hatsi. Amma gawo yakan zubar da ganyensa da damana, ba ya tare wa shuka rana, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. A yau masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yakan ce ya ji malamai na faɗin cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi, don haka shi bai ga asara a cikin tsuntsayen ba.

Kada mai karatu ya zaci labarin jiya kawai nake bayarwa. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, yau sun haura miliyan 25, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Gandun da uba ɗaya ya noma, ƴaƴa goma ke rabawa, kowa ya sami abin da bai isa ya riƙe gida ba, sai a sayar wa mai kuɗi daga birni, jikoki su koma ƴan ƙwadago a gonar kakansu. Ni mai wannan rubutu, da wannan niyya na je gaisuwar mahaifina. Ina zaune a Maraɗi, ga bashi a wuyana, ga yara a makaranta, ga kuma wani attajiri da ya riga ya yi mini tayi mai tsoka. Shari'a ta ba ni rabona, ba mai ikon hana ni sayarwa. Zangarniyar dattijon nan ce ta sa na tambayi kaina: bukatata ta kai ta daren Inna, ko kuwa irin ƴaƴana nake shirin dakawa don in huta na mako ɗaya? Da na yi wa kaina gaskiya, na ga ba ta kai ba. Babur ɗina na sayar na rage bashin.

Amma a cikinmu akwai wadda tata bukatar ta kai. Yayata ce, wadda ta tashi daga bayan zana, mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Wasu daga cikin ƴan'uwa suka ce gandun Baba ba a taɓa shi, ko taƙi ɗaya. Sai na ba su labarin gindin gawo, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Aka raba gado yadda Allah ya hukunta, mace da namiji kowa ya san iyakarsa, aka rubuta a gaban shaidu. Muka haɗa kuɗi muka sayi rabin rabonta a farashin da baƙo zai biya, ta sami abin riƙe marayunta, gona kuma ba ta fita gida ba. Ƙanenmu da ke ƙauye shi ke noma ta gaba ɗaya, shi ne kuma ya gaji ƙaramin rumbu. Ban ce mun warware matsalar har abada ba, domin ƴaƴanmu sun fi mu yawa, kuma wata rana za su zauna kan wannan tabarma.

Ya ƴan'uwa, kowane ɗayanmu akwai damin iri a hannunsa, ko manomi ne ko ba manomi ba. Na wani gona ce, na wani karatun ƴaƴansa, na wani dukiyar marayu ko ta jama'a da aka damƙa masa. Kowa kuma akwai mai durƙuso a ƙofarsa da bukata ta gaskiya. Kafin mu ce a'a, mu tambayi kanmu: mun fara sayar da namu jakin? Mun san ranar da za mu buɗe, da waɗanda za su amfana? Kuma babu wata tiya ɗaya da za mu iya fitarwa ba tare da amanar ta karye ba? Kafin mu ce to kuma, mu tuna da waɗanda za su zo da sungumi a kafaɗa su tarar da rumbu wofi, ba su kuwa da bakin da za su yi mana gardama yau.

Allah ya jiƙan Baba da Inna da autarmu, ya haɗa su a gidan da babu yunwa babu ƙishirwa, ya yafe masa tiyar da ya daɗe yana kuka a kanta. Allah ya jiƙan dukkan magabatanmu da suka ɗaure ciki don mu samu, ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu bar wa na baya fiye da abin da muka tarar. Amin.